Gayyar Yashe Kanal: Yadda Ake Tara Jama'a Don Tsare Ruwa da Ƙasa a Kura da Bunkure

Ruwan da ke kwarara cikin fangalin shinkafa a Karfi ko Butalawa ya sha tafiya kafin ya iso. Daga madatsar Tiga ya taso, wadda aka kammala a 1974 zamanin mulkin Audu Bako, aka kuma gina ta don ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Ya biyo babban kanal, ya ratsa ta Ruwan Kanya, ya rabu gida biyu, reshen gabas da na yamma, daga nan ya yi ta rarrabuwa har ya kai ga 'yar siririyar hanyar da yaro zai tsallake da taku ɗaya. Duk wannan tafiya babu injin da ke tura shi, gangarar ƙasa ce kawai. Shi ya sa duk abin da ya tare masa hanya, laka ce ko ciyawa ko tarin leda, manomin da ke can ƙarshen layi shi ke fara ɗanɗana kuɗarsa, alhali na bakin ƙofar ruwa bai ma san ana yi ba.

An fara gwajin wannan noma ne a Kadawa a farkon shekarun 1970 da ruwan madatsar Bagauda, aka kuma tsara kashi na farko na aikin ban ruwa na Kogin Kano zai shayar da kadada kimanin 22,000 a yankunan da a yau suke ƙananan hukumomin Kura, Bunkure da Garun Malam. Hukumar Raya Kogunan Hadejia da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke riƙe da madatsar da manyan hanyoyin ruwa. Daga wannan ruwa ne aka samu alkamar rani, da tumatirin da ke cika Kwanar Gafan, da shinkafar da ta mai da Kura garin injinan casa. A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING na kusan dala miliyan 500 don gyara manyan ayyukan ban ruwa na arewa, har da na Kogin Kano, kuma wani ginshiƙin shirin shi ne ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, su karɓi kula da ƙananan hanyoyi da kansu.

A nan maganar take. Gwamnati na iya zuba kankare a babban kanal, amma ba za ta turo katafila ta yashe hanyar da ke tsakanin gonar Malam wane da ta Alhaji wane ba. Wannan aikin na masu gonakin ne, kuma mutum ɗaya ba ya iya shi, don ko ya share gabansa ƙal, idan na sama da shi bai share ba, aikin banza ya yi. A wannan yanki, kare muhalli yana farawa ne daga iya kiran taro da iya haɗa gayya.

Yanayi ma ya ƙara wa abin nauyi. Alkama tana son sanyin hunturu; wanda ya shuka tsakanin tsakiyar Nuwamba da tsakiyar Disamba shi ke cin moriyarsa, wanda kuwa ruwa ya yi masa jinkiri har ya shiga Janairu, zafin Maris zai riski alkamarsa tana cika ido, ta fito a motse. Ruwan damina kuma yakan taru ya sauko a 'yan kwanaki, musamman a Agusta, kuma dattawan yankin ba su manta da ɓallewar madatsar Bagauda a Agustan 1988 ba. Hanyar da ta toshe tana cutarwa sau biyu: da rani ta hana ruwa zuwa, da damina ta hana shi fita.

Aikin farko ba taro ba ne, zagaye ne. Kafin a kira kowa, mutum huɗu ko biyar su bi hanyar ruwan da ƙafa tun daga gonar ƙarshe har zuwa ƙofar da ake buɗewa. A cikinsu lallai a samu biyu daga 'yan ƙarshen layi, da ɗaya daga na bakin ƙofa, da matashi mai waya da zai ɗauki hotuna, da wanda zai rubuta. Abin dubawa a bayyane yake: inda laka ta cika hanya, inda kacalla ta kafu, inda gaɓa ta zaizaye ko gafiya ta yi rami, inda wani ya fasa gaɓa ya ja ruwa ba bisa ƙa'ida ba, kwalbatin da ya toshe, ƙofar da aka sace mata marfi, da wuraren da ƙasa ta fara yin fari-fari kamar an barbaɗa mata kanwa. A auna tsawon kowane wuri da taku ko da igiya. Amfanin wannan zagaye shi ne ranar taro ba za a tsaya musun ko akwai matsala ba. Hoton yana hannu, an san taku nawa ne.

Sai batun waɗanda za a gayyata, kuma nan ne tarurruka da yawa ke mutuwa tun kafin a zauna. Da yawa daga cikin masu noma a yankin ba su ne masu gonakin ba. Haya suka kama na kaka ɗaya, wasu ma daga birnin Kano suke zuwa. Mai gona ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba, ɗan haya kuma yana ganin me zai sa ya gyara hanyar da baɗi ba lallai ya sha ruwanta ba. Dole a kira su duka biyun, a kuma yanke tun farko cewa aikin yana kan wanda yake noma gonar a wannan kakar, sai dai idan sun yi wata yarjejeniya tsakaninsu. Bayan su akwai Fulanin da ke shayar da shanu a kanal, ta hannun arɗonsu. Da mata masu turara shinkafa da masu wanki, ta hannun shugabar ƙungiyarsu, ko a yi musu nasu zama a cikin gida a kawo abin da suka ce. Da samarin da ke wanke babura da motoci a bakin ruwa. Da masu sayar da maganin feshi. Malamin gona ya zo, ma'aikacin hukuma mai kula da ƙofar ruwa shi ma ya zo, don shi ya san ranar da za a rufe ruwa da ranar da za a sake shi.

Ba a yin wannan a bayan idon mai unguwa da dagaci. Shugabannin ƙungiyar masu amfani da ruwa su je da kansu su yi gaisuwa, su ce, “Ranka ya daɗe, mun zo neman izini da albarka, za mu tara jama'a kan hanyar ruwa.” Liman ya sanar bayan sallar Juma'a, mai shela ya zagaya da daddare. Saƙon waya yana da amfani, amma dattijon da aka aika wa yaro takanas ya gaya masa ya fi jin nauyin zuwa.

Wurin zama ma abin lura ne. Ƙofar gidan ɗan siyasa ba ta dace ba, ko da shi ne mai tabarmi da yawa, don rabin jama'a za su ƙi zuwa, rabin da suka zo kuma za su zaci rabon taki za a yi. Filin makarantar firamare, ko gindin bishiya kusa da ƙofar ruwan kanta, ya fi. A zauna bayan la'asar, a tashi kafin magariba, a kuma kauce wa ranar kasuwa.

Idan an buɗe da addu'a, sai mai rubutu ya karanta abin da aka gani a zagaye, ba tare da kama sunan kowa ba. Daga nan a ba 'yan ƙarshen layi magana kafin kowa. Wannan tsari yana da dalili. A al'ada manya da masu hali ke fara magana, kuma idan Alhaji ya riga ya ce ai ruwa lafiya lau yake zuwa, ƙaramin manomi ba zai tashi ya ƙaryata shi a bainar jama'a ba. Zai yi shiru, ya koma gida, da tsakar dare ya ɗauki fartanya ya je ya fasa gaɓa. Shugaban taro mai wayo yakan juya ya ce, “Baba, ku da kuke can ƙasa, yaushe rabonku da ruwa ya cika muku fangali?” Amsar wannan tambaya ita ce ainihin abin da ya tara mutane.

Kada taron ya watse sai an yanke abu uku: ranar aiki, rabon aiki, da hukuncin wanda ya ƙi fitowa. Sauran ƙorafe-ƙorafe, na tsadar taki da na 'yan kasuwa masu karya farashi, gaskiya ne, amma a ajiye su zuwa wani zama, in ba haka ba magariba za ta yi ba a tsinana komai ba. Rabon aiki ya bi girman gona: mai eka biyar ya kawo hannu biyar ko kuɗin lebura biyar, mai rabin eka kada a ɗora masa daidai da shi. Gwauruwa da mara lafiya a ɗauke musu, jama'a su yi musu. Tara kuwa ta zama hawa-hawa: karon farko gargaɗi a gaban mutane, na biyu kuɗin leburan yini, na uku a tsallake shi a layin ruwa sau ɗaya. A rubuta duk wannan da boko da ajami, dagaci ya sa hannu.

Wannan hawa-hawar ba ƙirƙirar yau ba ce. Elinor Ostrom, 'yar Amurka da ta karɓi kyautar Nobel ta fannin tattalin arziki a 2009, ta shafe shekaru tana nazarin yadda jama'a ke tafiyar da dukiyar da suka yi tarayya a kanta, kuma binciken da ita da abokan aikinta suka yi a Nepal ya nuna hanyoyin ban ruwan da manoma ke gudanarwa da kansu sau da yawa sun fi na hukuma kai ruwa ga na ƙarshen layi. Cikin abubuwan da ta gano akwai cewa ƙa'idar da mutane suka yi wa kansu, suke sa ido a kanta da kansu, hukuncinta kuma yana farawa da sauƙi, ita ke daɗewa. A birnin Balensiya na ƙasar Sifen har yanzu wakilan manoma na zama kowace Alhamis da tsakar rana a ƙofar babban cocin garin, su yanke rigimar ruwa da baki nan take. Manomin Bunkure ba ya bukatar zuwa can. Sarkin noma da gayya sun riga kanal zuwa ƙasar Kano.

Ranar aiki a sa ta cikin kwanakin da hukuma ta rufe ruwa, ko a nemi a rufe ƙofar sashen na kwana biyu ko uku don laka ta tsane. Lakar da ta yi ruwa-ruwa ba ta zama a shebur, wadda ta bushe ƙarau kuma sai da diga. Ana fita bayan asuba da shebur, fartanya, lauje, adda, manjagara, kwanon sarki da baro. Sarkin gayya ya ja igiya ya yanka wa kowane rukuni rabonsa, ya kafa tsinke a iyaka. Mata su kawo kunu ko fura da hantsi, kuma kuɗin wannan ya fito daga asusun ƙungiya, kada a bar wa gida ɗaya.

Daga ƙarshen layi ake farawa, a yo sama. Dalilin ba na injiniya kaɗai ba ne. Na ƙarshe yana bukatar hanyar gaba ɗayanta ta buɗe, don haka ba zai gudu ba ko an gama gabansa. Na bakin ƙofa kuwa, da zarar an share 'yan takun da ke gabansa bukatarsa ta biya, sai ka ji ya tuna yana da ɗaurin aure a Rano. Idan rabonsa ne na ƙarshe, zai tsaya har a tashi.

Wajen yashewa akwai kuskuren da ƙwazo ke jawowa. Samari sukan yi ta haƙa har su wuce asalin gindin hanyar, suna ganin zurfi shi ne kyau. Hanyar da ta zurfafa fiye da kima ruwanta yakan kwanta ƙasa da gona, saifon, wato bututun da ke janyo ruwa zuwa gona, ya kasa zuƙowa, sai a koma tare ruwa da buhunan ƙasa, wanda shi ne kuma ke sake tara laka. Alamar da za a bi ita ce gindin kwalbati ko kankaren ƙofa: kada a sauka ƙasa da shi. A kwashe laka mai laushi, idan shebur ya taɓa ƙasa mai tauri a tsaya. Inda aka shimfiɗa kankare kada a sa diga, shebur da tsintsiya sun isa. Lakar da aka kwaso kuma kada a jibge ta a leɓen hanya, don ruwan farko zai mai da ita inda ta fito. A cike ramuka da wuraren da gaɓa ta rame da ita, a daddaka da ƙafa, ragowar a kai gona. Kirikirin da ya bi gaɓa a bar shi, a sassabe shi kawai, saiwarsa ce ke riƙe ƙasar.

Kacalla ita ce babbar abokiyar gaba, kuma tana bukatar a san halinta. Tana son ruwa mara zurfi wanda ba ya ƙafewa duk shekara, abin da madatsun ruwa suka samar mata ke nan. Mutanen Hadejia da Nguru sun fi kowa saninta, don ta toshe musu hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan baki masu cinye shinkafa. Haka ta yi a kwarin Kogin Senegal bayan an gama madatsar Diyama a 1986. Ƙarfinta a ƙarƙashin ƙasa yake, a saiwar da ke rarrafe tana fitar da sababbin tsiro, kuma ta cikin ganyenta saiwar ke samun iska. Wanda ya sare ta a saman ruwa ko ya cinna mata wuta aski kawai ya yi mata, cikin 'yan makonni za ta dawo. Dabarar ita ce a yanke ta a ƙarƙashin ruwa, ko a yanke ta a gindi lokacin da aka rufe ruwa, sannan idan an saki ruwan ya shanye kututturen da aƙalla taƙi guda, ya zauna a haka. Saiwar sai ta shaƙe. Duk tsiron da ya leƙo a sake yanke shi, sau biyu ko uku a kaka. A kuma yi yankan kafin kanta ya nuna ya fashe, don iri ne da iska ke ɗauka kamar audugar rimi. A ƙananan hanyoyi, inda ba za a iya tsayar da ruwa mai zurfi ba, sai a tono saiwar da fartanya a shanya ta a rana.

Abin da aka yanke a fitar da shi daga ruwa gaba ɗaya. A Roso ta ƙasar Muritaniya ana yin gawayin girki da busasshiyar kacalla, a Najeriya ma an yi bincike ƙarƙashin shirin TRIMING kan mai da ita abincin dabbobi da iskar gas ta girki. Ko ba a kai can ba, tana yin shinge da rumfa, ana kuma iya tara ta ta ruɓe ta zama taki.

Lafiyar masu aiki ba abin wasa ba ce. Tsargiya ta daɗe a garuruwan da ke bakin kanal, kuma ƙananan dodon koɗin da ke maƙale a ciyawar ruwa su ke ɗauke da ƙwayar cutar, wadda ke shiga ta fata. Share ciyawa yana rage su, amma mai sharewar yana cikin haɗari. Duk wanda ke da takalmin roba mai tsawo ya sa, yara kada su shiga, wanda kuma ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti, akwai maganinta. A bubbuga ciyawa da sanda kafin a sa hannu saboda maciji.

Yanzu sai lambatu, wato hanyoyin da ke kwashe ragowar ruwa daga gonaki. Su ne marayun wannan aiki. Hanyar kawo ruwa tana da masu kuka idan ta toshe, lambatu kuwa ba mai kuka a kansa sai ɓarna ta gama faruwa. Wasu ma sun cike shi sun shuka shinkafa a ciki. Abin da ke biyo baya a hankali yake zuwa. Ruwan da bai samu mafita ba yakan nutse, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ta hauhawa har ya kusa saiwar shuka. Rana ta zuƙe shi ta sama, gishirin da ke cikinsa ya rage a fuskar ƙasa. Da fari manomi zai ga tumatirinsa na yin rawaya a wani lungu, ya ƙara taki, abin ya ƙi. Bayan 'yan shekaru lungun ba ya karɓar komai sai shinkafa, daga baya ita ma ta gaza. Ƙasar da ta kai wannan hali gyaranta na cin shekaru, kuma ba ya yiwuwa ma sai lambatun ya buɗe, don sai an wanke gishirin da ruwa ya samu inda zai bi. Don haka a ware wa lambatu ranarsa daban, kafin damina ta kankama, a fara daga inda yake zubarwa a yo sama don ruwan da ya kwanta ya riƙa janyewa ana aiki. Wanda ya shuka a ciki a ba shi wa'adi ya girbe, daga nan kada ya sake.

Gayya ta yini ɗaya ce, rabon ruwa kuwa na kullum ne. Idan hanya ta buɗe, sai a tsara layi: wane rukuni ke sha wace rana, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, a manna takardar a masallaci da bakin ƙofa. A naɗa mutum biyu masu zagayen dare, ana canza su mako-mako. Kuma a nan ne ya kamata malamin gona ya nuna wa masu shinkafa wata dabara da Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke Filifin ta yaɗa. A samu bututun roba mai faɗin da hannu zai shiga, tsawon santimita 30, a huda rabinsa na ƙasa da ƙananan ramuka ko'ina. A kafa shi a fangali har ramukan su nutse, a kwashe ƙasar da ke cikinsa. Bayan kamar mako biyu da dashe, a daina barin ruwa kwance kullum: a bar shi ya janye, ana leƙa bututun, sai ruwan ciki ya sauka santimita 15 ƙasa da fuskar gona sannan a sake ba da ruwa ya hau kamar santimita 5. Lokacin da shinkafa ke fitar da kai ne kaɗai ba a yin wannan, a bar mata ruwanta mako guda kafin da mako guda bayan. Ana iya rage ruwan da ake sha da kusan kashi 30 cikin ɗari ba tare da amfani ya ragu ba, kuma iskar metan da ke tashi daga gonar da ruwa ya kwanta, wadda ke cikin masu ɗumama duniya, tana raguwa sosai. Sai dai manomi ba zai yarda ya bar gonarsa ta tsane ba idan ba shi da tabbacin ruwa zai zo ranar da yake bukata. Dabarar tana tafiya ne kawai inda layi ke aiki.

Akwai ƙananan ƙa'idoji da taro zai iya kafawa ba tare da kashe ko sisi ba. Kada a wanke tankin feshi a kanal. Robar magani idan ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan ɗaurayar cikin tanki, a huda ta don kada wani ya zuba mata man gyaɗa ko ruwan sha, a tara a wuri ɗaya nesa da ruwa. Masu wankin babur a nuna musu wuri inda baƙin mai ba zai koma cikin hanya ba. Masu tumatir kuma su tuge tsofaffin itatuwa tare bayan an gama tsinka. Ƙwaron nan sharon da ya yi kaca-kaca da tumatirin Kano da maƙwabtanta a 2016 a irin waɗannan ragowar yake samun mafaka, kuma gona ɗaya da aka bari ta isa ta raba wa saura.

Bambaron shinkafa da ake cinna wa wuta don a yi saurin sake shuka asara ce biyu, hayaƙi a sama, abincin dabba ya zama toka. Nan ne zuwan arɗo taro ke biya. A yi yarjejeniya a fili: makiyaya su kwashe bambaro ko su ci a gonar da aka gama girbe, su bar kashin shanu, manoma kuma su bar burtali a buɗe, a keɓe mashaya ɗaya ko biyu da aka daddale da dutse, don kofaton shanu na cikin abubuwan da ke rusa gaɓar kanal. Shanu ba za su fasa shan ruwa ba, abin da za a iya zaɓa shi ne inda za su sha.

Dashen itace yana da daɗin hoto, shi ya sa baƙi masu kawo tallafi ke son sa. A karɓa, amma a san inda za a sa. Bishiyar da aka dasa a kan gaɓar kanal saiwarta za ta fasa kankare ta buɗe wa ruwa hanya. Bakin hanyar mota, iyakar gari, harabar makaranta da bayan lambatu su ne wurinta. Darbejiya da mangwaro da zogale duk suna yi, a dasa da farkon damina, a kuma rubuta sunan wanda zai kula da kowace har ta fi ƙarfin akuya.

Ruwan da ya fita daga lambatun Kura ba ɓacewa yake yi ba. Yana komawa kogi, kuma daga Kogin Kano ne matatar Tamburawa ke ɗiban ruwan da birni ke sha. Kogin ya haɗu da na Challawa, su wuce Wudil, su nufi Hadejia da fadamun Nguru, inda masunta da makiyaya da manoma ke jiran abin da ya rage.

Bayan mako biyu da sakin ruwa a sake zama, gajere. Ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, naira-naira, a gaban kowa, don ƙungiyoyin manoma da yawa kuɗi ne ya kashe su. A karanta sunayen waɗanda suka fito da waɗanda suka biya tara. A sake tambayar 'yan ƙarshen layi ko ruwa ya iso, da awa nawa yake ɗauka kafin ya cika fangali. Abin da ya fi ƙarfin shebur, kamar ƙofar da ta karye ko kankaren da ya tsage, a rubuta wa hukuma takarda ta hannun shugabannin ƙungiya na sashe, a haɗa da hotunan kafin aiki da na bayansa da adadin mutanen da suka fito, a ajiye kwafi. Kafin a shafa fatiha a sa ranar gayyar lambatu, a kuma faɗi sunayen waɗanda za su yi zagaye na gaba.